Yadda na auna matsin hayaƙi a injin motata mai turbo

Motata mai silinda huɗu ce, lita 2, mai shan fetur, kuma an ɗan taɓa ta. An sake mata saitin kwamfuta, an sa mata babban mai sanyaya iska, an kuma ƙara matsin iskar da turbo ke tura wa inji, wanda masu harkar ke kira bust. Abin da ya jefa ni cikin wannan aiki shi ne, daga zagaye 3,500 a minti zuwa wajen 5,500 motar tana ja sosai, amma da an wuce nan sai ƙarfin ya kwanta. Mai yi min saitin kwamfuta ya ɗaga bust daga psi 18 zuwa 22 (psi ma'aunin matsi ne). A tsakiya ƙarfi ya ƙaru, a sama kuwa kusan babu canji, sai ma zafin hayaƙi da ya hau, kwamfutar kuma ta fara ja da taimin baya, wato tana jinkirta lokacin da fulogi ke kunna fetur, saboda tana jin ƙwanƙwasa a cikin silinda. Duk wanda na yi wa bayani sai ya ce turbon ne ya yi ƙarami, a nemo babba. Mai saitin ne kaɗai ya ce min: "Maigida, kafin ka zuba kuɗi a sabon turbo, bari mu san abin da ke faruwa a ɓangaren hayaƙi tukuna. Iskar da ke shiga muna ganin lissafinta a kwamfuta, wadda ke fita kuwa zato kawai muke yi."

Na fara da gareji, wurin bakaniken da ya saba duba min motar. Ya kwance sensar iskar oksijin da ke bayan turbo, ya ɗaura geji a raminta, ya tayar da inji. A silo allurar ko motsi ba ta yi ba. Ya taka totur zuwa zagaye 2,500, motar tana tsaye ba a giya ba, allurar ta ɗan ɗaga, ba ta ko kai psi 1 ba. Ya ce salansa lafiyarta ƙalau. Wannan gwajin yana da amfaninsa, domin da shi ake kama salansar da ta toshe ƙwarai, irin wadda mota ba ta iya hawa tudu da ita. Amma injin da ke juyawa ba kaya a kansa hayaƙin da yake fitarwa kaɗan ne, turbo ma bai farka ba. Matsalata kuwa sai a zagaye 6,000 da totur a ƙasa take bayyana, lokacin da hayaƙin ya ninka wancan sau da yawa. Na fito daga garejin da amsar da ba ta taɓa tambayata ba, kuma na san mutane da yawa a nan suke tsayawa, su tafi da tabbacin cewa an duba an ga babu komai.

Kafin in sayi ko noti ɗaya, mai saitin ya zaunar da ni ya zana min abin a takarda, kuma wannan zaman shi ya fi komai amfani a gare ni. A injin turbo wurare biyu ake auna matsin hayaƙi, kuma ba abu ɗaya suke faɗa ba. Na farko yana cikin manifol, wato bututan da ke tara hayaƙin silindodi, tsakanin bawul ɗin hayaƙi da farfelar turbo. Shi ne matsin da ke juya farfelar, kuma shi ne wanda fistin ke fama da shi duk lokacin da yake turo hayaƙi waje. Na biyu yana bayan farfelar, a bututun da ke sauka zuwa matatar hayaƙi, wadda ke rage gubarsa, da salansa. Farfelar tana samun ƙarfinta ne daga ninkin matsin gabanta a kan na bayanta, kuma a wannan lissafi dole a haɗa da nauyin iskar duniya, wato psi 14.7 a daidai gaɓar teku. Ya ba ni misali: a ce farfela na bukatar ninki 2.5 don ta ba da bust ɗin da ake so. In bayanta a buɗe yake, 14.7 sau 2.5 ya ba da kusan 36.7, a cire 14.7, geji zai nuna 22 a manifol. In kuwa akwai psi 5 da ya taru a bayanta, lissafin ya koma 19.7 sau 2.5, geji zai nuna wajen 34.5. Wato psi 5 na baya ya zama 12.5 a gaba. Tun daga ranar na daina kallon salansa a matsayin abin rage ƙara kawai.

Ya kuma nuna min dalilin ƙwanƙwasar. Akwai ɗan lokaci a ƙarshen fitar hayaƙi da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare. In matsin manifol ɗin hayaƙi ya fi na iskar shiga nesa, ragowar hayaƙi mai zafi ba ya gama fita, wani ma yana komowa, kamar ɗakin da mutanen ciki ba su gama fita ba ga wasu na son shiga. Sabuwar iska ta ragu, wadda ta shiga ta ɗauki zafi, fetur ya kama kafin lokacinsa, kwamfuta ta ja taimin baya, hayaƙi ya ƙara zafi. Ƙara bust a irin wannan hali ƙara wa inji wahala ne.

Sai haɗa kaya. Na yi odar sensar matsi guda biyu, masu aiki da bolt 5, ɗaya mai kaiwa psi 100 don manifol, ɗaya ƙarama mai kaiwa psi 30 don bayan turbo, domin ƙaramin matsi ba ya fitowa da kyau a babbar sensa. Na sayi siririn bututun ƙarfen da ba ya tsatsa, da kawunan ɗaurewa masu zare irin na 1/8 NPT, da tiyo mai jure zafi, da wani ɗan gwangwani da ake sawa a tsakiya mai tace baƙin hayaƙi da danshi. Dalilin dogon bututun shi ne zafi. Hayaƙin injin fetur a bakin turbo yana iya wuce digiri 900 a ma'aunin Salshiyas, babu sensar matsi irin ta kasuwa da za ta rayu a wurin. Amma da yake bututun toshe yake a ƙarshensa, hayaƙi ba ya gudana a ciki, matsi kawai yake isarwa, don haka in ya yi tsawon kamar santimita 60 zuwa mita 1 ƙarshensa yana hucewa. Da yawa suna amfani da bututun jan ƙarfe saboda sauƙin lanƙwasawa, kuma don gwajin yini ɗaya ya isa, sai dai girgizar inji tana sa shi ya ƙage ya tsage in ya daɗe. Ni da nake son barin kayan a jikin mota na zaɓi wanda ba ya tsatsa. Akwai wanda ya ba ni shawarar in ja tiyo har cikin mota in sa geji mai allura kusa da sitiyari, na ƙi. In tiyon ya yi yoyo, iskar kabon monoksaid ce za ta cika motar, ita kuma ba ta da wari ba ta da launi. Kayan ba su iso tare ba, kawunan ɗaurewar ne suka yi ta jan ƙafa, mota tana ajiye ina kallonta, raina yana ta ƙuna.

Da suka cika, muka koma gareji don cire manifol. A nan ne aka fi samun gardama. Wani yaron garejin ya ce min: "Oga, ai ba sai an sauke ba, a shafa giris a bakin abin hudawa, ɓurɓushin zai manne." Ban yarda ba, maigidansa ma bai yarda ba. Farfelar turbo tana juyawa fiye da zagaye 100,000 a minti, ɗan ɓurɓushin ƙarfe guda ya isa ya ci gefen fikafikanta, kuma duk abin da ya faɗa cikin manifol ta wurinta zai bi. Saukewar ta ci mana fiye da yini, saboda notocin da suka sha zafi shekara da shekaru sun kama, sai da aka jiƙa su da man kwance tsatsa aka bari suka kwana, ɗaya ma ya karye sai da aka haƙo shi. Wanda zai yi wannan aiki ya tanadi sabon gasket da sababbin notoci tun kafin ya fara.

Na kai manifol ɗin wurin mai injin huda ƙarfe. Wurin da za a huda shi ne mahaɗa, inda bututan silinda huɗun suka haɗu, dab da bakin turbo. In aka huda a kan bututun silinda ɗaya, bugun wannan silindar kaɗai za a riƙa gani, ba matsin da farfela ke samu ba. Wanda turbonsa ke da rabbabben baki, irin mai hanya biyu, ya sani kowace hanya da nata matsin, ramin da ya huda gefe guda yake karantawa. Mai hudar ya zaɓi inda ƙarfen ya fi kauri, ya huda, ya yanka zare a hankali yana komawa baya, aka wanke manifol ɗin aka busa masa iska har sai da farin ƙyalle ya fito fes daga ciki. Don ɓangaren baya kuma, mai walda ya liƙa min sabon mazauni a bututun da ke ƙasan turbo, kafin matatar hayaƙi. Da ana iya amfani da ramin sensar oksijin, mai zare M18 da tazarar 1.5, akwai kawunan da ke shiga daidai. Amma sensar oksijin ta farko, wadda ke kafin matatar, da ita kwamfuta ke daidaita fetur, kuma ba na son a taka injin har ƙarshe alhali kwamfutar ba ta ganin abin da ke ƙonewa.

Mayar da kaya ya fi sauri. Muka naɗe bututun ya yi 'yan zagaye don ya sha iska ya kuma ɗauki girgiza, muka nisanta shi da wayoyi da tiyon mai, muka ɗaure sensocin a sama da ramukan, domin ruwan da ke taruwa in hayaƙi ya huce ya gangara ya koma, kada ya kwanta a bakin sensa. Mai saitin ya haɗa su da kwamfutar mota, ya shigar mata cewa bolt 0.5 sifili ne, bolt 4.5 kuma ƙarshen ma'auni. Ya kunna makulli bai tayar da inji ba, duka biyun suka nuna sifili. Sannan ya cire tiyon ya hura musu iska da ɗan famfon hannu mai geji, ya gwada a psi 10 da 20, lambobin kwamfuta suka yi daidai da na allura. Da aka tayar da inji yana sanyi, muka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ɗaya ta yi kumfa aka ƙara ɗaure ta. Ƙaramin yoyo a wannan layin yana rage lambar da za a gani, mutum ya yi ta murna da matsin da ba shi ne na gaskiya ba.

Za a iya yin gwajin a hanya, amma taka mota har zagaye 6,500 a giya ta huɗu gudu ne da bai dace da titin jama'a ba. Na kama layi a wurin masu daino, wato na'urar da mota ke hawa kan manyan ganguna tana gudu a tsaye ana auna ƙarfinta. Da awa suke caji, kuma a cikin duk aikin nan shi ne ya fi cin kuɗi, don haka kada mutum ya je sai ya tabbata kayansa na aiki. Sun ba ni takarda na sa hannu cewa in inji ya fashe a kan na'ura ba ruwansu. Na karanta ta sau biyu kafin in sa hannun, gabana yana faɗuwa. Motar da ke gabana ta daɗe ba a sauke ta ba, na zauna ina jin kukan injin wani ina tunanin nawa. Da aka zo kaina suka duba mai da ruwa da iskar taya, suka ɗaure motar da igiyoyi gaba da baya, suka kunna manyan fankoki, suka sa bututun zuƙe hayaƙi a bakin salansa. Aka bar inji ya yi ɗumi sosai, sannan mai saitin ya sa giya ta huɗu, ya taka totur har ƙasa daga zagaye 2,500.

Layin da ya fara fitowa a allo ya yi ta tsalle sama da ƙasa, har na ɗauka sensar ce ta lalace. Ashe bugun hayaƙin kowace silinda ne, gwangwanin ya rage shi amma bai kashe shi duka ba. Mai saitin ya sa kwamfuta ta riƙa ɗaukar matsakaici, layi ya kwanta ya zama abin karantawa. A zagaye 4,000, bust yana 22, manifol yana 24, bayan turbo yana 2. Wannan lafiya lau ne, kuma daidai wurin da nake jin daɗin motar ke nan. Daga 5,000 layin manifol ya fara rabuwa da na bust yana hawa. A zagaye 6,500, bust yana nan 22, manifol ya kai 48, bayan turbo kuma 7. Muka maimaita bayan inji ya huce, lambobin suka dawo kusan yadda suke.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata in warware. Masu wannan harka suna son faɗin ninkin matsin manifol a kan bust, za ka ji ana cewa ɗaya da ɗaya abin so ne, biyu da ɗaya kuma alama ce ta turbo ya shaƙe. Amma wasu da lambar geji suke lissafi, wasu kuma da cikakken matsi wanda aka haɗa da iskar duniya. Nawa, 48 a kan 22 ya ba da kusan 2.2. In aka ƙara 14.7 a kowanne, 62.7 a kan 36.7 ya ba da 1.7. Mota ɗaya ce, gwaji ɗaya, lamba biyu. Sensar iskar shiga ta mota ma yawanci cikakken matsi take bayarwa a kilofaskal, inda kusan 100 ke nufin babu bust ko kaɗan, alhali sensar da ka saya lambar geji take bayarwa. In ba a mayar da su ma'auni ɗaya ba kafin a raba, sakamakon shirme ne. Duk wanda ya faɗa maka ninkinsa, ka tambaye shi da wanne ya yi lissafi.

Lambar da ta ja hankalin mai saitin ba 48 ba ce, 7 ce. Ya ce: "Maigida, ga inda za mu fara." Muka jira bututu ya huce, ya kwance sensar oksijin ta biyu, wadda ke bayan matatar hayaƙi, ya mayar da layin awo can. Cire wannan ta biyun na ɗan lokaci ba ya hana kwamfuta daidaita fetur a irin motata, fitilar gargaɗi kawai ta kama, daga baya aka goge. Aka sake takawa. A zagaye 6,500 bayan matatar ya nuna 2. Wato daga cikin bakwai ɗin nan, biyar a matatar suke tsayawa, salansa da sauran bututu biyu kawai suka riƙe. Da aka sauke ta aka haska fitila, sai ga tsakiyar saƙar da ke ciki ta narke ta dunƙule, hayaƙi ta gefe-gefe yake bi. Ta isa ta wuce da hayaƙin silo da na zagaye 2,500, shi ya sa gwajin gareji bai kama ta ba. Na ji sanyi a raina da na gan ta, domin a karon farko ga abu a hannu da zan iya nunawa.

An ba ni shawarar in fasa cikinta in mayar da fanko. Ban yi ba. Dokar ƙasashe da yawa ta hana, kuma hayaƙin da ke fita ba tacewa mutanen da ke bayanka ne ke shaƙarsa. Na yi odar sabuwa mai saƙar ƙarfe, mai ramuka 200 a kowane inci murabba'i, alhali na kamfani sukan kai 400 ko fiye. Wanda ƙasarsa ke gwajin hayaƙi ya bincika ko irin wannan za ta wuce kafin ya saya. Sai kuma tambayar abin da ya narkar da tsohuwar, domin matatar hayaƙi ba ta narkewa haka kawai, ɗanyen fetur ne ke isa gare ta ya ƙone a ciki, ko zafi ya wuce kima. Aka duba fulogogi da koyil, aka sami koyil ɗaya mai rauni aka canza. Da ba a yi haka ba, sabuwar ma hanyar tsohuwar za ta bi.

Komawata daino ta biyu ta zo da ɗan cikas. A takun farko layin manifol ya hau a makare, ya kuma ƙi sauka da wuri bayan an saki totur. Alamar toshewa ke nan. Aka kwance bututun aka busa shi, baƙin hayaƙi da ruwa suka fito, aka wanke gwangwanin aka mayar. Da aka sake takawa, a zagaye 6,500 da bust 22, bayan turbo ya nuna 3, manifol kuma 36. An rage 4 a baya, 12 sun sauka a gaba, kusan daidai da lissafin da aka zana min a takarda. Turbo ya fara kamawa da wuri, zafin hayaƙi ya sauka, ƙwanƙwasar ta ɓace, mai saitin ya sami damar mayar da taimin gaba kaɗan-kaɗan, layin ƙarfi kuma ya ci gaba da hawa har kusa da jan layi, wato iyakar zagayen inji, maimakon ya kwanta a 5,500. Na karɓi takardun gwajin biyu da fayil ɗin bayanan, na rubuta a jikinsu zafin ranar da irin fetur da giyar da aka yi amfani da ita, domin in ba da waɗannan ba kwatanta gwaji da gwaji ba ya yiwuwa.

36 a kan 22 har yanzu ba ɗaya da ɗaya ba ne, kuma ba na neman ya zama. Ragowar daga gidan farfelar yake. Girman hanyar da hayaƙi ke bi a cikinsa ana faɗinsa da lambar A/R, a wasu turbo na Garrett za ka ga 0.63 da 0.82 da 1.06. Ƙaramin gida yana sa turbo ya kama da wuri amma yana tara matsi a sama, babba yana sakin hayaƙi a sama amma sai ka jira shi a ƙasa. Ga motar da ake hawa kullum, ni na fi son kamawa da wuri, don haka na bar nawa. Da bayan turbo ya nuna 2 tun farko manifol kuma yana 48, da maganar masu cewa a canza turbo ko gidansa ta tabbata, kuma da na bi ta. Shi ya sa nake ganin sensa ɗaya ba ta isa ba. Ta manifol tana gaya maka akwai matsala, ta baya ce ke nuna ko daga turbo take ko daga abin da ke bayansa. Wanda kuɗinsa bai kai na biyu ba ya fara da ta baya, ita ba ta bukatar sauke manifol, kuma gyaran da take nunawa ya fi araha. Sai dai ko wacce ce, a auna ta da kaya a kan inji, totur a ƙasa, a zagayen da matsalar ke fitowa.

Ramin bayan turbo na toshe shi da noti na ƙarfen da ba ya tsatsa, na shafa masa man hana kamawa mai jure zafi don ya kwantu in an sake bukata. Sensar manifol kuwa na bar ta a jiki tana shiga bayanan kwamfuta. Bayan inji ya yi zafi ya huce 'yan lokuta na sake bin kawunan da sifana, domin zafi yana sassauta su, kuma duk sanda za a yi juyen mai ina sa a busa bututun a zubar da ruwan gwangwanin.